Wayar da Aka Ba Ni Ajiya

Ranar da aka binne yaron maƙwabciyata, yayar mijinta ta ja ni bayan ƙofar kicin ta damƙa mini waya a hannu. Wayar uwar yaron ce.

Ta ce, "Hajiya, ki riƙe wannan a wajenki. Kada ki kashe, 'yan'uwa za su riƙa kira daga Katsina, ki ɗauka ki ce an gode. Amma ko da girman Allah ta haɗa ki, kada ki ba ta. Kin dai ga abin da ake rubutawa."

Na gani mana. Atamfa da leshi nake sayarwa daga ɗakina a Lugbe, kuma duk cinikina a waya yake, don haka babu gurup ɗin matan da ba na ciki: na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na masu tallan kayan kicin, har da wani da har yau ban san wadda ta jefa ni ciki ba. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, labarin ya riga ya zaga garin nan ya dawo ya same mu a zaune.

Gidan haya ne mai sassa uku. Ni da maƙwabciyata bango ɗaya ya raba mu, bangon da bai iya riƙe sirri ba. Ina jin injin markaɗenta, tana jin faɗana da kwastoma. Yarinya ce ƙarama mai sanyin hali, Anti take ce mini. A sashe na uku akwai wata mata 'yar Filato mai aikin gwamnati, Kirista, duk Madam muke kiranta. Yaron kuwa ɗan fari ne, shekararsa biyu da 'yan watanni, an yi masa ƙanwa tana goye. Ɓarnarsa ta ishi gida guda. Sai ya shigo ɗakina ya warware mini atamfa ya naɗe kansa a ciki, in bi shi da tsintsiya yana ƙyalƙyala dariya.

Abin da kowa ya sani shi ne, suna suka tafi a Nyanya, a motar yayar mijin, ita ke tuƙi. Lokacin bazara ne, irin zafin da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Gosulo ya riƙe su a hanya, yaron ya yi barci a kujerar can baya, wata ta lulluɓe shi da gyale saboda rana. Da suka isa, rumfunan suna sun toshe layin, aka ajiye motar can nesa. Mata suka fito, wannan da kular abinci, wannan da ledar kayan barka, uwar da goyo a baya da kaya a hannu. Motar baƙin gilashi gare ta. Sai bayan la'asar, da aka tashi tafiya, aka buɗe ta. Ni ban je ba, ina da kayan da zan aika tasha ranar.

Na kai wayar ɗakina na cusa ta cikin wadirob, tsakanin atamfofi. Ban yi tunanin komai ba, wurin dai ya fi kusa da hannuna.

Tun daga ranar wayar nan ba ta huta ba. Ba ta ƙara, uwar ta cire mata sauti saboda jaririya, sai dai ɓari. Zuuu, ta yi shiru. Zuuu, zuuu. Katakon wadirob ɗin ya riƙa ɗaukar ɓarin yana ƙara masa kauri, har ya zama kamar wani abu ne mai rai aka kulle a ciki. Ina cin abinci ina ji, ina salla ina ji. In kira ne in ɗauka in ce an gode, Allah ya ba da lada. Amma yawanci ba kira ba ne, saƙonni ne, kuma wayar ba ta da makulli, farkon kowane saƙo yana fitowa a fuskarta ko ban taɓa ba.

Hoton da ke fuskar wayar na jaririyar ne, an kwantar da ita a kan gado. A gefen hoton, can ƙasa, akwai hannun yaron, yatsu huɗu da rabin tafi, ya miƙo zai taɓa ƙafar ƙanwarsa. Iyakar abin da ya shiga hoton ke nan. Duk saƙon da ya shigo a kan hannun nan yake sauka.

Sannan ga agogon da ta saita. Washegari da rana tsaka, gida ya cika da masu gaisuwa, na shigo ɗaki ɗaukar tabarma, sai na ji wani kiɗa siriri yana fitowa daga cikin kayana, irin kiɗan wasan yara. Na tsaya da tabarma a hannu na kasa matsawa. Da na daure na buɗe, sai na ga agogo ne, ta rubuta a jikinsa: ɗauko yaro. Lokacin tashinsu ne daga makarantar renon da take kai shi. Na kashe, amma ban iya cire shi gaba ɗaya ba, hannuna ya ƙi. Kullum in lokacin ya yi sai ya buga.

Labarin kuwa a intanet kullum da sabuwar rigar da ake sa masa. Da farko an ce wajen biki ne. Kafin yamma an ce gyaran gashi ta shiga ta bar shi. Wani ya rantse da Allah a babban kanti ne, a gabansa aka fasa gilashin. Wata ta ce uwar tana can tana ɗaukar kanta bidiyo tana rawa. Aka sa hoton wata farar mota da ba a ƙasar nan ma aka ɗauke ta ba. Hoton yaron dai na gaske ne, na ranar Salla, da 'yar hularsa a karkace. Wani daga cikin dangi ne ya sa don neman addu'a, shi ke nan ya fita daga hannunsa.

Masu sharhi kuma kowa ya zama alƙali. Akwai masu addu'a, ban hana su ladansu ba. Akwai masu cewa a ɗaure ta. Akwai maza da ba su taɓa riƙe yaro na minti biyar ba suna koyar da tarbiyya. Wata ta rubuta cewa ita shekara da shekaru tana neman haihuwa, ga wadda aka ba ta, ta gasa nata a mota. Wannan kalmar, gasa, ta kwana biyu a raina. Wasu kuma suka shiga gardama a kan ko yaron ya farka a motar ko bai farka ba, suna ja suna kawo hujja, kamar masu musun ƙwallo. Amma tambayar da ta fi yawa, da Hausa da Turanci da Burokan, ita ce: wace irin uwa ce za ta wuni ba ta nemi ɗanta ba?

Ni ma, tsakani da Allah, tambayar ta zo mini. Na san yarinyar nan. Ko atishawa yaron ya yi sai ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na kasa haɗa wadda na sani da wadda ake faɗa.

Madam ce ta warware mini. Ita ta bi su sunan, don maƙwabtaka. Na same ta a bayan gida wajen tankin ruwa tana tara bokiti, ruwan ya cika yana zuba ba ta ma lura ba. Na kashe famfon. Ta dube ni, idonta ya yi ja.

Ta ce, "Anti, abin nan yana damuna, I can't sleep. Maman yaron ta tambaya fa. Ina zaune kusa da ita. Muna shiga ba daɗewa ta ce, ina yaron nan? A hankali ta faɗa."

Na ce, "To sai aka ce me?"

"Sai sister na mijinta ta yi dariya. Ta ce, oh, 'yan zamani, a gaban surukai kike cigiyar ɗan fari? Yana cikin yara, wa zai cinye miki shi? Duk matan suka yi dariya. Ita kuma ta ja gyale ta rufe fuska. Shi ke nan, ba ta sake magana ba. Amma ina kallonta, Anti. Duk yaran da suka wuce da gudu sai ta ɗaga kai ta duba ƙofa. Abinci ma ba ta ci ba. Ni na ɗauka yaron yana waje da gaske. Why za su yi mata dariya? Ni ban gane ba."

Ni na gane. Madam ba a cikin abin nan ta tashi ba. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle a gaban dangin miji. A gidan suna kuwa yaro ba na uwarsa ba ne, daga wannan hannu sai wancan, in ka tambaya a ce yanzu aka gan shi da wance. Zolayar da aka yi mata babu matar da ba a taɓa yi wa ba. Ba mugunta a ciki, har yabo ne a fakaice, ana so ki nuna ke 'yar gidan mutunci ce. Ta nuna. Ta zauna tana nunawa tun hantsi har la'asar.

Na koma cikin gida raina yana tafasa. Na tarar da yayar mijin a tsakar gida tana zuba wa baƙi abinci, na tsaya ina kallonta, bakina cike da magana. Sai na ga shinkafa na zuba a ƙasa daga cokalin da ke hannunta, ba ta ma lura ba. Cikin 'yan kwanakin nan matar ta zabge, zanin ma ya ƙi zama a ƙugunta. Tun ranar ba ta sake taɓa motar ba, a tasi take zuwa. Na haɗiye maganata na karɓi cokalin.

Na so in rubuta gaskiyar a ƙarƙashin labarin, na ma fara. Amma in na rubuta, na cire uwar daga bakinsu ne na miƙa musu yayar miji, kuma gidan da ke riƙe da kansa da ƙyar ya watse. Na goge. Abin da ya rage mini kawai shi ne in tsare wayar nan, kada idon yarinyar ya sauka a kan ko layi ɗaya.

Na waje ba su ba ni mamaki ba kamar na gida. Gurup ɗin matan unguwarmu da farko ta'aziyya ake ta yi, Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba da dangana. Sai wata sabuwar zuwa, wadda ba ta san gidan waye ba, ta turo labarin da hoton farar motar nan, ta rubuta a ƙasa: ku ga wata sakarya. Sai wata ta ce ai a layin bayansu ne. Wata ta ce ita dama tana ganin yarinyar, kullum kai a waya. Wata da ta zo gaisuwa da safe, ta sha kunu a gidan, har ta rungume uwar, ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai ko hawaye ba ta ga tana yi ba. Daga nan bakin kowa ya buɗe.

Kowacce ta ɗauka an cire uwar daga gurup ɗin. Admin ɗin kuma ta ga cire mai makoki rashin kyautawa ne, ta bar ta, ba ta faɗa wa kowa ba. Duk abin da suke rubutawa yana shiga wayata, yana kuma shiga wadirob ɗina.

Ban san lokacin da na danna wajen saƙon murya na fara magana ba. Na ce, "Bayin Allah, uwar yaron nan tana cikin gurup ɗin nan. Wayarta ga ta a hannuna, ina ganin sunan kowacce da abin da ta ce. Ke da kika sha kunu da safe, Allah ya sa ya zauna miki lafiya."

Na zauna a bakin gado da wayar maƙwabciyata a tafin hannuna ina kallo. Saƙon farko ya ɓace, layin nan mai cewa an goge saƙo ya maye gurbinsa. Sai na biyu. Sai na sama da shi. Ba wadda ta ba da haƙuri, sai gogewa kawai, daga ƙasa zuwa sama, kamar ana kashe fitilun layi ɗaya bayan ɗaya. Cikin ɗan lokaci gurup ɗin ya zama jerin sunayen matan da na sani, kowane suna da gurbin abin da ta ce a ƙarƙashinsa. Wallahi wannan ya fi zagin ba ni tsoro.

Aka tashi daga zaman makoki, baƙi suka watse, aka naɗe tabarmi. Ran Asabar da rana, an ɗauke wuta, unguwar ta yi tsit, sai jirgi da ke wucewa jefi-jefi zuwa filin jirgi. Ina zaune ina ninke kaya na ji inuwa a ƙofa. Maƙwabciyata ce, da goyonta, ba ko sallama. Duk kwanakin nan ba ta taɓa tambayar wayar ba.

Ta ce, "Anti, wayata."

Na ce, "Ƙanwata, shigo ki zauna. Wayar nan ai ba caji, kin ga ba wuta."

Ban rufe baki ba wadirob ya yi zuuu.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Gadona a jikin bangon nan yake, Anti. Tun ranar nake jin ta. Har agogon ina ji."

Na rasa inda zan sa fuskata. Duk tsaron da nake taƙama ina yi, ashe a kunnenta na ajiye abin. Na ce mata yayar mijinta ta hana, na ce mutanen waya ba su da aikin yi, na ce ta bari zuciyarta ta ɗan yi ƙarfi. Na faɗi duk abin da babba ke faɗa.

Ta ce, "Na san zagina suke yi. A ɗakina kowa haƙuri yake ba ni. Ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Shi ma babansa haka yake cewa, ya juya baya. Ba wanda ya tambaye ni komai, ba wanda ya ce mini komai. Anti, don Allah ki ba ni in ji abin da na yi."

Na yi alkawari, na sani. Amma wayarta ce, ɗanta ne, kuma muryar da ta yi maganar da ita ba ta bar mini wurin tsayawa ba. Na buɗe wadirob na ciro na ba ta.

Ta zauna a ƙasa cikin atamfofina ta jingina da gado, jaririyar na barci a bayanta. Ta fara da gurup ɗin unguwa. Na ga yatsanta yana jan jerin nan na gogaggun saƙonni, yana ja, yana ja.

Ta ce, "Me suka goge?"

Na ce, "Shirme."

Ta gyaɗa kai ta wuce. Ta shiga inda ba a goge ba, wajen mutanen da ba su san ta ba. Ta daɗe tana karantawa, ba ta tsallake ko ɗaya, fuskarta ba ta canza ba. Zufa na gangaro mata ta wuya ba ta share ba. Ni ce na riƙa kuka a madadinta, ina goge ido da gefen leshin mutane.

Can ta kai ga wani saƙon murya da aka yi ta turawa. Wata mata ce, ba mu san ta ba, tana kuka tana tsine wa uwar, tana kiran sunan yaron a kowace gaɓa, kamar a cinyarta ya girma. Na miƙa hannu zan karɓe wayar, ta kauce. Ta saurara har ƙarshe, ta mayar farko, ta kara a kunne ta sake ji.

Ta ce, "Ji yadda take faɗar sunansa. Ko nauyin baki babu."

Ta miƙe, ta gyara goyonta, ta ce ta gode da ajiya, ta fita. Na ji ta shiga sashenta ta sa sakata.

Na zauna ban san abin yi ba. Ko in kira yayar mijin, ko in bi ta. Na ɗauki wayata, sai na ga a saman gurup ɗin unguwa alamar nan da ke nuna mutum yana rubutu, da sunanta a jiki. Alamar ta tsaya, ta ɓace, ta dawo. Na san ba ni kaɗai ke kallo ba, ranar Asabar ce, kowacce tana gida da waya a hannu. Gurup ɗin da ko sallama aka yi sai amsa ta yi ashirin, ya yi shiru. Alamar ta sake ɓacewa, ta daɗe ba ta dawo ba.

Sai na ji muryarta ta bango. Sunan yaron ta kira, da ƙarfi, ta ja ƙarshensa, yadda ake kiran yaro ya baro rana ya shigo ya ci abinci. Duk zaman da muka yi ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, yaron nan take cewa, ko wannan. Ta kira sau ɗaya, ta jira kamar mai sauraro, ta sake kira.

Wayata ta yi ɓari a hannuna. Saƙon murya ne daga gare ta, ɗan gajere, a gurup. Ban buɗe ba, na riga na ji.

Amma wasu sun buɗe. Daga sashen Madam na ji muryar ta fito, siririya, ta cikin waya, tana kiran sunan. Kafin ta ƙare, ta tashi daga gidan da ke bayan katangarmu. Sai daga gaba, wajen mai shago. Ba wuta, ba janareta, tagogi duk a buɗe saboda zafi, kiran ya riƙa bin layin gida gida, yana nisa yana raguwa.

Can ƙarshen layin, wani yaro mai irin sunan, ban san na wane gida ba ne, ya ɗaga murya daga inda yake wasa ya ce, "Na'am!"

Na ji maƙwabciyata ta zare sakata.